A-kori-kurar Yaya

Tunda yayana ya sayi a-kori-kura mai shan dizal, kunnensa ya daina jin maganar mutane. Kina cikin yi masa magana sai ya ɗaga miki hannu, ya karkata kai wajen inji kamar mai sauraron gulma ta bayan katanga.

Ranar da tarin Inna, mahaifiyarmu, ya tsananta, ni na kira shi ya kai mu asibiti, don ni ke zaune da ita. Ya zo da hantsi, ya juyo bayan motar daidai tagar ɗakinta, ya bar injin yana gurnani a tsaye. Hayaƙin salansa ya riƙa shigowa ta labule, mai ɗaci a maƙogwaro. Inna ta dafe ƙirji tana tari har da hawaye.

"Yaya, kashe motar nan mana," na ce.

"Dizal ba fitila ba ce da za a yi ta kashewa ana kunnawa. Ku dai fito."

Muka fito. Gaban motar warin mai da tsohon ɓawon ayaba, ga wani tsumma baƙi ƙirin a kan kujera. Na ture shi da gefen takalmi, na zaunar da Inna a tsakiya, sandar giya tana bugun gwiwarta.

Mun tsaya a danja ke nan Yaya ya ce mu yi shiru, alhali ba mai magana.

"Kin ji? Ƙas-ƙas-ƙas. Jiya babu wannan."

"Ni numfashin Inna nake ji."

Da aka ba mu hannu, maimakon ya miƙe sai ya karya kwana zuwa garejin bakanikensa. Wai yanzun nan za a duba, kafin ƙaramin abu ya zama babba. Ya tsaya a cikin kwatamin baƙin mai, ya buɗe bonet, injin bai kashe ba. Kujerar tana karkarwa a ƙarƙashinmu, zafi yana tasowa ta ƙafa. Inna ta damƙi hannuna. Da ƙyar na tara mayafina kafin amai ya zo mata.

Yaya ya leƙo ta taga. Na ɗauka sannu zai yi mata.

"Bai taɓa kujera ba ko?"

Yawu ne ya taru a bakina, ba kuma don aman ba.

Bakaniken ya taso yana tauna wani abu, ya saurara kaɗan, ya ɗaga kafaɗa. "Maigida, haka dizal ke kuka in tana tsaye. Lafiyarta lau."

"A'a, sake ji dai." Yaya ya zura hannu ya danna totur. Hayaƙi ya turnuƙe rumfar, har mai shayin da ke gefe ya rufe tukunyarsa yana tsaki.

Na buɗe ƙofa, na rungumo Inna, muka taka a hankali zuwa bakin titi. Tasi na tsayar. Direban ya ga mayafin a dunƙule a hannuna, ya miƙo mini leda.

A asibiti likita ta ce sanyi ne ya kama huhu, aka ba Inna gado, aka ɗaura mata ƙarin ruwa. Sai da yamma ta yi Yaya ya shigo ɗakin, fuska a sake, hannuwa duƙun-duƙun. Wai ya kai motar wurin wani bakaniken daban, shi ma ya ce ba komai.

"Hankalina ya kwanta yanzu," in ji shi.

Ya zauna a bakin gado, ya goge yatsunsa da gefen zanin da na lulluɓe Inna da shi. Na buɗe baki zan amayar masa da abin da ke cikina tun safe, Inna ta riga ni, muryarta can ƙasa.

"Ka ci abinci kuwa, Babana?"

Ya ce bai ci ba. Ta nuna masa kwanon da na kawo mata, ya jawo shi gabansa ya buɗe.

Na ɗauki ledar mayafina na fita neman famfo. Na daɗe a can ina cuɗa shi da sabulu, har bayan ya fita tas.