Dutsen Niƙan Aliero

Kwana arba'in Inna Gudiya ta ba surukarta Zinatu, ko ɗaya ba ta ƙara ba. In jikarta Hanan ba ta murmure ba, za ta zo Jega ta tafi da ita Maiyama ta ciyar da ita irin na 'ya'yan mutane.

"Yunwa ta ka kashe ɗiyag ga," in ji tsohuwar. "Ina aka taɓa jin burodi ya zama dahi?"

Shafi'u, uban yarinyar, sai sosa ƙeya yake. Namiji ne a gonar albasa, amma gaban uwarsa ko tari ba ya iyawa.

Gaskiya Inna tana da abin faɗa. Shekarar Hanan tara, amma ka ce shida: ciki a kumbure, ƙafafu kamar sillen kara, kullum tana hanyar bayan gida. Likita a Birnin Kebbi ya ce cutar siliyak ce, hanjinta ba ya shiri da alkama, ko ƙanƙanin garinta ya shiga cikinta sai ya tayar da ciwon. Ya ce gero, dawa, masara da shinkafa duk ta ci. Zinatu ta kori burodi, taliya, fanke da cincin daga gidanta. Wata uku ke nan, yarinya tana nan jiya i yau. Tsoro ya cika Zinatu, don ta san a Maiyama da shayi da burodi ake karyawa.

Ran nan maƙwabciyar da ta saba haɗa mata niƙa ta yi tafiya, sai Zinatu ta saka hijabi ta kai dawarta injin Malam Sambo da kanta. Matar da ke gabanta mai finkaso ce, alkama ta kawo kwano huɗu. Ana gama nata, Sambo ya ɗaga dawar Zinatu zai juye.

"Tsaya, Malam! Ba ka wanke injin?"

Ya kwashe da dariya, gari fal gemunsa. "Wanki? Hajiya, na baya shi ka tura sauran na gaba. Haka mu ka yi tun da aka kahwa injin ga."

Ashe duk tuwon da take tuƙa wa 'yarta da alkamar wani a ciki! Ta karɓe dawarta ba a niƙa ba, ta bar shi baki buɗe.

Washegari ta shiga mota sai Aliero, gidan wanta Jibrin. Dutsen niƙan marigayiya mahaifiyarsu ta zo nema. Ta same shi bakin rumbun albasa, an kife shi ana zama a kai, ɗan dutsen kuma an tokare ƙofa da shi.

"Ke Zinatu, a wanga zamani?" in ji Jibrin. "Ko tsohuwa ba ta yarda da aikin ga yanzu."

"Yaya, kai dai kama mini mu ɗora."

Sai da maza uku suka taru kafin ya shiga bayan mota, direba yana ta mita.

Niƙan hannu ba wasa ba ne. Makon farko tafin hannunta ya yi kanta, bayanta ya riƙe, garin kuma tsaki-tsaki, har Shafi'u ya tambaya ko tuwon yashi aka koma ci. Ta harare shi ta ci gaba. Ta ware wa Hanan tukunyarta, muciyarta da rariyarta. A mako na biyu gudawa ta tsaya. A na huɗu yarinya ta suɗe kwano ta ce a ƙara, Zinatu ta shige ɗaki ta yi kukan daɗi.

Ranar ta arba'in da hantsi Inna Gudiya ta sauka daga babur, da burodi a leda da buhun da za a zuba kayan Hanan. Ta tarar da Zinatu durƙushe tana niƙa. Ba ta gama amsa gaisuwa ba wata yarinya ta faɗo gidan a guje daga wasan 'yar gala-gala, ta rungume ta har ta kusa kayar da ita.

"Wacce ta wagga?"

"Ni ta, Inna!"

Tsohuwa ta riƙe kumatun ta juya su dama da hagu. Ta latsa cikin. Ta dubi rigar da ta ɗinka mata da Sallah, wadda a da take lilo a jikinta, yanzu ta kama hammata.

"Ƙawata, wa ya ba ki wanga nama?"

Hanan ta nuna dutsen. Zinatu ta faɗi labarin injin Sambo tun daga farko. Inna ta saurara ba ta katse ta ba, abin da ba a taɓa gani ba. Sannan ta kama hannun surukarta ta buɗe, ta daɗe tana kallon kantar.

Ta miƙa wa Shafi'u ledar burodin. "Hid da shi waje, ka ba masu gadin albasa."

Ta ɗaure zanenta tamau ta durƙusa gaban dutsen.

"Matsa, ɗiyata. Ba haka a ka riƙon ɗan dutsi ba, shi ya sa garinki ka hita da tsaki. Kawo dawar."