Taraktar MacAskill a Kan Hanya

Shekara goma sha ɗaya muka yi muna jiran takardar da za ta shigar da filin bakin babban titi cikin keɓaɓɓiyar ƙasarmu ta ƙabilar Mi'kmaq, 'yan asalin yankin. Mu ɗari uku ne da 'yan kai a garin, rabin mazanmu kuma suna can lardin Alberta mai nisa neman aiki. Da takardar ta iso daga gwamnatin tarayya a Ottawa, majalisar gari ta ɗora mini ginin gidan mai da shago a wurin. Mutum goma sha huɗu za su samu aiki.

Ranar zuba siminti, ƙarshen Oktoba, na iso da safe na tarar da motoci biyu masu kwaɓa siminti a gefen titi, gangunansu na juyawa. Wata 'yar hanya ce kaɗai ke shiga filinmu, kuma Duncan MacAskill, tsohon Baturen da gonarsa ke jikinmu, ya gitta taraktarsa a kai. Ya kashe inji, ya yi zamansa a sama.

Direban motar farko ya duba agogo. "Minti arba'in ya rage, 'yar'uwa. In ya fara kamawa a cikin ganga, juyawa zan yi."

Cif ɗinmu, shugaban garin, yana taro a birnin Halifax, na kira sau uku bai ɗauka ba. Kafin in mayar da wayar aljihu, Kawu Wilfred, ƙanen mahaifiyata, ya iso da motarsa da mutum shida a baya. Ya sauko yana jan sarƙa a ƙasa.

"Loretta, matsa," ya ce. "Yanzu zan ja shi har shi har tsohuwar taraktarsa in jefa a kwata."

"Kawu, don Allah ku ajiye sarƙar nan."

"In ajiye? Kakan wannan mutumin a kan ƙasarmu ya kafa shinge, yau jikan ne zai hana mu shiga?"

"Kuna taɓa taraktar nan 'yan sanda za su zo. Gobe hotonku ne a jarida, ba na shago ba."

"Ke da kika yi karatu a birni, komai sai lallashi."

Mazan suka yi dariya, amma ba wanda ya koma mota. Na ce su ba ni minti goma. Na nufi taraktar.

MacAskill bai kalle ni ba. Hannunsa na kan sitiyari.

"Mista MacAskill, hanyar nan ta gwamnati ce, kun sani."

"Na sani."

"To me kuke so?"

"Wasiƙa biyu na rubuta wa injiniyanku. Ko amsa." Ya nuna ramin da aka haƙa na binne tankin mai. "Bi gangaren nan da ido."

Na bi. Ƙasa kaɗan, bayan shingensa, akwai wani murfin katako a cikin ciyawa.

"Rijiyata ce," ya ce. "Ita muke sha ni da matata, ita shanu ke sha. Ranar da tankinku ya tsiyaya, shi ke nan."

Na buɗe zanen ginin da ke hannuna. Babu rijiya a ciki. Da a ce rijiyarmu ce wani ya haƙa ramin mai a samanta, ni ce zan fara zama a kan hanya.

Bayana na ji ƙarar sarƙa. Kawu ya taho, ya riga ya sunkuya yana neman inda zai maƙala ta.

"Kawu!" Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar. "Ku zo ku ga wannan."

Ya zo yana huci. Ya dubi ramin, ya dubi rijiyar. Mutumin da ya yi shekara ashirin yana faɗa kan kogin da aka ɓata mana da dattin masana'anta, bai buƙaci bayani ba. Ya tofar da yawu.

"Shi ya sa ba ka iya zuwa ka buga ƙofa kamar mutum?" ya ce wa MacAskill.

"Ban san wace ƙofa zan buga ba."

Na ce wa MacAskill yau daɓen shago kawai za mu zuba, tankin kuwa za a mayar da shi ɗaya gefen, inda ruwa ke gangara wa titi. Ya ce in rubuta. Na rubuta a bayan zanen, na sa hannu, duk da ba ni da tabbacin majalisa za ta yarda.

Sai da injin taraktar ya ƙi tashi sau biyu kafin ya janye. Motar farko ta samu shiga. Ta biyu, direbanta ya leƙa ganga ya girgiza kai, ya juya.

Majalisa ta wanke ni tas a zaman da ya biyo baya, sannan ta amince da rinjayen ƙuri'a ɗaya. Kafin sabon zane ya fito sanyin hunturu ya daskarar da ƙasa, ba mu buɗe ba sai watan Yuni. Mutum uku daga cikin waɗanda muka ɗauka suka gaji da jira suka koma Alberta, har da ɗan Kawu Wilfred. Kawu ya yi wata biyu ba ya amsa gaisuwata.

Yanzu Kawu ne ke buɗe shagon kowace safiya. Har yau in muka yi saɓani yana cewa ni na kore masa ɗa.