Cilakowa a Kogon Maɗaci

Ƙarar injin yankan katako ce ta tarbi Auta tun kafin ta kashe babur. Daga wajen tsohon maɗacin nan ƙarar ke fitowa, inda doka ta hana a karya ko tsinke.

Ita ce ma'aikaciyar gandun dajin. Bara aka raba dajin biyu: gabas da rafi na masu katako, yamma da rafi na tsuntsaye da namun daji. Rafin ne iyaka, haka aka rubuta.

Ta kutsa da gudu, ƙaya na fizgar rigarta. Wa za ta tarar? Yayanta, ɗan kwangilar katako, yana shafa wa maɗacin jan fenti, alamar yanka.

"Yaya, me nake gani haka? Nan fa ɓangaren da aka hana ne!"

"A'a, hukuma da kanta! Sannu da zuwa." Ya goge hannu a wando. "Auta, ina rafinku?"

Ta waiga. Inda rafin yake bara, yashi ne busasshe. Ambaliyar damina ta yi masa sabuwar hanya, ya zagaya ta bayan maɗacin, ya bar itacen a gabas.

"Ruwa ne ya ba ni, ba sata na yi ba," in ji Yaya. "In kama ɓarawo za ki yi, ga shi can yana gudu."

Masu injin suka kwashe da dariya.

"Ɗaga kai ka gani!" Ta nuna wani kogo a jikin itacen, an toshe shi da laka, sai 'yar tsaga. Macen cilakowa ce a ciki da ƙwayayenta. Haka suke yi: ta liƙe kanta, gashin fikafikanta ya zube, namijin ya riƙa miƙa mata abinci ta tsagar. "Ko tashi ba ta iyawa. In itacen ya faɗi, da ita zai faɗi."

"Ni na ce ta shiga?"

Auta ta hau kan suri tana laluben sabis, ta kira shugabanta.

"Me takarda ta ce?" ya tambaya.

"Rafi, ranka ya daɗe, amma rafin…"

"To, rafi. Sai kwamiti ya zauna a sake taswira."

"Yaushe?"

Waya ta katse.

Ta sauko kamar ta fashe don takaici. Sai idonta ya faɗa kan gwangwanin farin fenti da ke ɗaure a baburinta. A kowane filin yanka, tana da ikon keɓe itace guda, uwar iri, wanda ba mai taɓawa. Ta fizgo buroshi, ta zagaye maɗacin da fari a kan jan.

Dariyar Yaya ta ɗauke. "Duk dajin nan, shi kaɗai kika gani? Ni da na goya ki, Auta! Sai na gaya wa Inna."

"Gaya mata."

"Riƙe guda ɗayanki. Sauran nawa ne."

Bai faɗa da wasa ba. Kafin la'asar sun kwantar da duk abin da ke tsaye a kewayen, sai maɗacin shi kaɗai a fili kamar haƙori ɗaya a bakin tsohuwa. Namijin cilakowar ya zo da fara a baki, ya yi shawagi, injin ya yi ruri, ya juya ya tsallake rafi. Bai dawo ba.

Daga tsagar, wani dogon baki ya leƙo, a buɗe.

Auta ta yi tsaki, ta durƙusa cikin sararrun rassa tana kamun fara da hularta. Ta kama, ta ɗaga kai. Kogon ya yi mata nisa.

Motar katako ta tsaya a gefenta.

"Hukuma, an koma farauta ke nan?"

Wani abu ya faɗo gabanta tim: igiyar ɗaure gungume.

"Ki dawo min da ita," in ji Yaya, ya ja mota.