Hajiya Rumbu

A shagon kwamfuta na Obed, bayan tashar motar Birnin Gwari, akwai wani wasan yaƙi da ake bugawa ta intanet. Kafin a fara, kowa zai zaɓi runduna ɗaya cikin uku. Akwai Mahaya masu saurin kai hari, akwai Maƙera masu manyan makamai, sai Manoma, waɗanda ba su da komai sai gona da rumbu da ganuwa mai maharba a kanta.

Ni Jamilatu, Manoma na zaɓa tun ranar farko, kuma ban taɓa canzawa ba.

"Kin yi difloma har Zariya, kin dawo kina riƙe fartanya a cikin kwamfuta?" in ji Yaya Ƙasimu, ɗan kawuna, wanda ya naɗa kansa sarkin Mahaya.

Sau goma sha ɗaya yana ƙone min gonaki kafin in gama ganuwa. Sau goma sha ɗaya ina miƙewa, in gyara mayafina, in fita kamar ni na ci. Suka laƙaba min Hajiya Rumbu, har mai awarar bakin shago ta ɗauka sunan yanka ne. Ni dai na lura cewa kullum ta gefen daji dawakansa ke ɓullowa.

Sai aka sanar da gasa a Kaduna, shago zai tura mutum huɗu. An tsayar da uku, kujera ta huɗu kuwa tsakanina da Ƙasimu. Obed ya ce karo ɗaya za mu yi ranar Asabar bayan la'asar, wanda ya ci shi zai tafi.

Ranar ya ja ni gefe. "Ƙanwata, don Allah ki ɗauki Mahaya, ko na yau kaɗai. Tausayinki nake ji."

"Oga Obed, a ƙauyen Kuyello na girma. Ka ajiye tausayinka, wani zai buƙace shi an jima."

Na riga na ga hadari ya haɗo daga gabas, kuma na san halin sabis ɗin shagon nan da damina. Na kuma san abin da su ba su damu su sani ba: in sabis ya ɗauke, wasan ba ya tsayawa, kowane soja zai ci gaba da umarnin ƙarshe da aka ba shi.

Ban gina komai ba sai ganuwa ta gefen daji, na jera mata maharba, sauran mutanena na tura su gona. Ƙasimu ya tara dawakai tamanin, ya nuna musu ganuwata, ya ce, "Ku shaida, jama'a! Sha biyu!"

Iska ta kaɗa. Sabis ya ɗauke.

"Obed! Sabis! Zan janye su ne in zagaya ta baya!"

Ƙasimu ya fizgi 'yar na'urar intanet ɗin, ya hau benci, ya ɗaga ta sama kamar mai roƙon ruwa. Ya koma taga. Ya fita cikin yayyafi da ƙafa ɗaya ba takalmi. Ni kuwa na aika aka kawo min awara, na ce a ƙara yaji.

Bayan minti huɗu sabis ya dawo. Dawakansa sun yi ta karo da bango kamar yadda ya umarce su, maharbana kuma ba sa jiran umarnin kowa. Dawakan saura uku, su ma suna ɗingishi. Rumbunana sun cika maƙil. Na ɗebi manoma da sanduna, muka taka a hankali har garinsa, muka rushe shi.

"Sabis ne ya ci ni, ba ke ba!"

"Ni ma ya ɗauke min, Yaya."

Obed ya rubuta sunana a kujera ta huɗu. Jamilatu ya rubuta, na ce ya ƙara Hajiya Rumbu.

Ranar Litinin na shigo atisaye, na tarar da Ƙasimu can ƙurya, ya karkatar da allon kwamfuta wajen bango. Na leƙa ta kafaɗarsa. Masara yake shukawa.

"Yaya," na ce, "rumbun nan ya yi kusa da daji. Matsar da shi."