Giɓin Dangar Ƙande

"Goma sha tara, ashirin…"

Baba Mala na duƙe a gefen garkar Ƙande yana awo da hannu, daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa, kamu bayan kamu, sai ga mai jaki ya yi sallama. Tsohon ya miƙe. Aka tambayi gida, aka tambayi gajiya, aka gangara har kan tsadar wake a kasuwar Mallawa. Da mai jakin ya wuce, ya dubi ƙasa, ya dubi Ƙande.

"Nawa muka ce, 'yar nan?"

"Ni kake tambaya, Baba? Karo na uku ke nan fa."

Takaici ya cika ta. Zogalen garkar nan shi take dafawa ta kai tasha, da shi take ciyar da 'ya'yanta tun da mijinta ya tafi ci-rani. Duk shekara ta yi darni na kara, duk shekara awaki su cinye darnin su ɗora da zogalen. Awakin wa kuwa? Na wannan tsohon maƙwabcin nata, wanda da ya ji za ta kafa danga ta itace ya rantse ba mai yi mata lissafi sai shi. Ƙasimu mai amalanke ya zo da metir, Baba ya kore shi, wai igiyar ƙarfe ba ta san ƙasa ba.

Dabara ta faɗo mata. Ta je ta tsaya a bakin hanya, duk wanda ya buɗe baki zai yi sallama ta cafe ta amsa, ta ce Baba yana gaisuwa. Da haka aka samu awon ya kai ƙarshe.

"Dirka ɗaya duk kamu biyu," in ji shi, yana haki. "Arba'in ke nan, har da kusurwa da ƙofa. Sai dogayen sanduna na tanka, layi biyu. Ki ƙara biyar saboda tsautsayi."

"Ba ni da kuɗin tsautsayi."

Arba'in cif Ƙasimu ya ɗauko mata daga Magariya. Ta ɗauka wahala ta ƙare, ashe yanzu aka fara. Baba ya ce ba a kafa dirka sai an babbake gindinta saboda gara, kuma wuta ba ta jin hannun kowa sai nasa. Ya babbake biyu, ya yi tari, ya jingina da bango. Mai wucewa ya yi sallama, wuta ta mutu. Da ƙyar da jiɓin goshi aka rufe gefe uku. Saura gefen da ke kallon gidansa, wato daidai hanyar awaki. Ramuka a haƙe, dirkoki shida a jibge a ƙofarsa.

"Baba, don girman Allah, ka bari Ƙasimu ya kafa su."

"Gobe, 'yar nan. Gaggawa aikin shaiɗan."

A wannan goben jar akuyarsa ta yi wa zogale bakwai aski. Ƙande ta ɗaura zane za ta je ta faɗa masa abin da ta daɗe tana haɗiyewa, sai ta ji salati daga gidan. Baba ya yi sallar asuba, ya kishingiɗa, bai tashi ba.

Hantsi bai gama fitowa ba Ƙasimu ya yi sallama, kansa a ƙasa. An haƙa kabari, amma ba itacen da za a jera a rufe kafin a sa laka. Ma'aikatan gandun daji sun hana saran ɗanye, busasshe mai ƙwari kuwa babu a kusa, ga shi gawa ba ta jira.

"Yaya Ƙande, dirkokin nan shida, in aka raba kowace biyu…"

Ta dubi giɓin, ta dubi zogalen da ya rage. Ta san kafin ta sake tara kuɗin itace sai bayan kaka.

"Wannan tsoho," ta ce. "Har a tafiyarsa sai da ya bar wa awakinsa hanya. Ku ɗauka."

Tana daga cikin gida tana jin saran gatari. Da aka dawo daga maƙabarta Ƙasimu ya ce sun isa daidai, ko ɗaya bai yi saura ba.

Da la'asar ta ɗauko tabarma ta shimfiɗa a giɓin, ta zauna da farantin ganye tana tsinkewa. Ramukan na nan a jere, ba komai a ciki. Ta sunkuya ta aza hannunta tsakanin rami biyu, kamu ɗaya, kamu biyu, bai kai ba; kamun Baba ya fi nata tsawo. Jar akuyar ta zo ta tsaya tana kallon zogale, daga baya ta kwanta a gefen tabarmar tana tuƙa.