Rakiyar Baffa

Zabbin da aka ɗaure a bayan babur ba su daina kuka ba tun daga Burumburum har cikin Tudun Wada. Mansura na zaune a karkace bayan Baffa Uba, hannu ɗaya rungume da jakar takardunta, ɗayan yana tattare hijabinta kada taɓon hanya ya ɓata shi.

"Baffa, don Allah ka ɗan ƙara wuta. Ƙarfe tara suka ce."

"Ke dai yi ta salati. Wa ya taɓa fara aiki ƙarfe tara a garin nan?"

Wani sabon asibitin kuɗi ne yake neman mai gwajin jini. Mansura ta gama makarantar koyon aikin lafiya tun bara, tana zaune a gida tana jira. Tun rasuwar mahaifinta, ƙaninsa Baffa Uba ne ya riƙe ta, kuma ko katin asibiti ba ta taɓa yanka ba sai yana tsaye a kanta. Ƙawarta Ramla, da ke aiki a Kano, ta ja mata kunne a waya: "Kada ki je da kowa, kada ki kai komai. Ke suke son ji, ba danginki ba." Mansura ta yi ta juya maganar a bakinta, ta kasa faɗa wa Baffa.

A barandar asibitin masu neman aikin sun jeru a benci, kowa ya yi tsit. Baffa ya kwance zabbin, ya riƙe su ta ƙafafu, ya bi mutane ɗaya bayan ɗaya yana gaisawa, har da tambayar wani mai farar riga ɗan gidan wane ne shi. Wata zabuwa ta fizge, ta saki kashi a kan siminti mai sheƙi. Mansura ta sunkuyar da kai. Ta kashe wayarta, ta kunna ta duba lokaci, ta sake kashewa.

"In mun shiga," in ji Baffa, bai ko rage murya ba, "ki tsuguna ki yi shiru. Ni zan yi bayani. Zan gaya musu marainiya ce, kuma gidanmu ba a sata."

Ƙofa ta buɗe, wata nas ta leƙo. "Mansura Isma'il."

Baffa ya riga ta miƙewa. Mansura ba ta san lokacin da ta durƙusa a gabansa ba.

"Baffa, don girman Allah ka jira ni a nan."

"Me kika ce?"

"Ni kaɗai suke son gani. Zabbin kuma... za su ɗauka toshiyar baki ce."

"Toshiyar baki? Gaisuwar tawa?" Ya dube ta, ya dubi mutanen benci, waɗanda duk suka kawar da kai. Sai muryarsa ta yi ƙasa. "Kunyata kike ji, Mansura?"

"Wallahi a'a, Baffa."

Bai saurari sauran ba. Ya juya ya nufi bakin get, zabbin na reto a hannunsa.

A ciki ta tarar da mai asibitin, Likita Bahijja, da wani mutum mai tabarau, Malam Hamman, shugaban ɗakin gwaji. Ta yi sallama ta gaishe su. Ta so ta tsuguna kamar yadda Baffa ya ce, ta daure ta tsaya har aka nuna mata kujera. Suka tambaye ta yadda za ta ɗebi jinin yaron da yake ta ihu, da abin da za ta yi in ta rasa gane kwalbar jinin wane ce wannan. Ta amsa su ɗaya bayan ɗaya. Malam Hamman ya kira sunan wata na'ura da ba ta taɓa taɓawa ba.

"A littafi kawai na gan ta, ranka ya daɗe. Amma in an nuna mini zan koya."

Tana magana, kunnenta na wajen taga, tana jiran ta ji tashin babur.

"Za mu kira ki, ko an ɗauke ki ko ba a ɗauke ki ba," in ji Likita. Ta ajiye biro. "Dattijon nan mai zabbi, naki ne?"

"Baffana ne."

"Shi ne kika bar shi a waje? Mu je in gaishe shi."

Mansura ta bi bayanta tana tunani. Shi ke nan, yanzu Baffa zai zazzage komai, da maraicin da zabbin.

Suka same shi a gindin darbejiya, zaune a kan babur. Likita ta rusuna.

"Ina kwana, Baba? An zo lafiya? Ya damina?"

"Damina alhamdulillahi, Likita. Ya ƙoƙari?"

Suka taɓa zancen ruwa da lalacewar hanya. Sannan Likita ta ce, "To Baba, akwai wani abu?"

Mansura ta ga bakinsa ya motsa. Ya dubi zabbin, ya dube ta, ya haɗiye.

"Babu komai, Likita. Rakiya na yo. Allah ya taimaka."

A hanyar komawa suka bar gari, gonakin masara suka rufe hanyar ta kowane gefe. Mansura ta shirya ban-haƙuri, ta rushe, ta sake shiryawa.

"Mansura."

"Na'am, Baffa."

"Kin ga dai ban ce komai ba."

"Na gani, Baffa. Allah ya saka da alheri."

"Sai da na ciji harshena." Ya kauce wa wani rami, suka yi tafiya kaɗan. "In sun kira ki, ki hau mota ki zo. Ni ina da noma."