Abin da Tsintsiyar Asmawu ta Kwaso

Shekara goma sha shida Asmawu ta yi a unguwar Moss Side, can ƙasar Turawa, kuma ba ranar da gari ya waye ba ta share ƙofar gidanta ba. Haka ta taso ta ga ana yi a Zongon Kumasi, ba ta kuwa ga dalilin da zai sa jirgin sama ya raba ta da halinta ba. Maƙwabciyarta Dorin, wata tsohuwa 'yar Jamaika, kullum sai ta leƙo ta taga ta yi dariya. Ɗanta Latif kuwa kunya ce ke kama shi.

"Mma, council na da masu shara," yakan ce. "Ki daina ba ni kunya a street."

"Council ɗin ne ya haife ni?" Amsarta ke nan, ta ci gaba da shararta.

Tana da wani halin kuma. Ba ta zubar da ƙarfe. Ƙusa ce, makulli ne, maɓalli ne, duk abin da tsintsiya ta kwaso sai ta jefa a wani tsohon gwangwanin madara da ke bayan ƙofa, wai wata rana zai yi amfani.

A watan Oktoba na 2007, wata Talata da la'asar, aka harbi wani mutum a ƙafa a bakin layinsu. Latif yana dawowa daga rumbun kayan da yake aiki a Cheetham Hill, ya ji ƙara, ya ruga gida kamar kowa. Sai dai jar riga ce a jikinsa, mai harbin ma jar riga gare shi, wata mata kuma ta rantse fuskarsa ta gani. Kwana uku tsakani aka zo aka tafi da shi. Ba a sami bindiga ba, ba a sami komai a wurin ba, amma kotu ta hana beli.

Daga ranar Asmawu ta jingine tsintsiya. Ba ta iya tsayawa a ƙofar gida mutane su kalle ta. Ta rame, ta yi baƙi, tuwo ya daina wuce mata maƙogwaro. Tsoronta ɗaya ne, kada yaron nan ya ƙare ƙuruciyarsa a kurkuku kan abin da bai yi ba.

Wata huɗu ana haka, aka yi suna a Longsight, 'yan'uwa suka ja ta da ƙyar. Tana kicin tana zuba shinkafa, maza suna falo suna gardama. Wanda aka sa a gaba shi ne Injiniya Musbahu, mutumin Zariya, dogo mai sanyin magana, wanda ke aiki a wani ɗakin binciken makamai a Birmingham. Ana tambayarsa kan wata doka da aka ce an sa wa hannu a Kalifoniya.

"Cewa suka yi kowace ƙaramar bindiga a sassaƙa mata lamba a kan tsinken da ke dukan gindin harsashi," in ji shi. "In aka harba, kwanson harsashin zai faɗo da lambar a jikinsa, kamar an buga hatimi. Tunani ne mai kyau. Amma nan bindigogin da ke yawo ba daga shago suke ba, wa zai buga musu lamba? Mu dai sai ido da haƙuri. Kowane tsinke yana barin ƙarcensa, ba wanda ya yi kama da na wani."

"Kwanson yaya yake?" wani ya tambaya.

"Ɗan ƙarami, ruwan tagulla. Kamar marfin biro da aka gutsure."

Ludayi ya faɗi daga hannun Asmawu. Ta tuna safiyar Larabar nan, washegarin harbin. Motar maƙwabci ta tashi, ita kuma ta shigar da tsintsiya cikin busassun ganyen da suka taru ƙarƙashin motar, wani ɗan abu ya gangaro yana ƙara. Ta zaci na masu gyaran famfo ne.

Ko sallama ba ta yi ba ta hau bas zuwa gida. Ta juye gwangwanin a kan tebur, ga shi nan, ya dushe, ƙasa ta toshe bakinsa. Ta nemi lambar Musbahu wurin maigidan suna ta kira.

"Injiniya, abin nan yana wurina. Sai dai ya yi datti. Bari in goge shi da soson ƙarfe in kawo maka."

Ai mutumin da ba a taɓa jin ya ɗaga murya ba sai ga shi yana ihu.

"Hajiya, don Allah kada ki taɓa! Ajiye soson! Kin ajiye?"

"Ina zan miƙa wa babban mutum abu da datti?"

"Dattin nan da ƙarcen nan su ne ɗanki. Ki bar shi inda yake. Ki kira lauyan nan, solicitor ɗinku, shi zai kira police su ɗauka da hannunsu."

"Ba kai za ka duba ba?"

"Ba ni ba. Na san ku, na ci abincinku yau. In na taɓa shi, gobe a kotu za a ce ɗan'uwansu ne ya gyara musu. Zan ma gaya wa shugabana kada a kawo shi teburina."

Maganar ta ƙona mata rai. Ta zauna da soso a cinya tana cewa a ranta, ga Bahaushe ɗan'uwanka, Allah ya kai shi inda zai taimaka, ya ce ba shi ba. Ta yi kuka sosai. Amma ta bi abin da ya ce, ba ta ƙara ba, ba ta rage ba.

Aka zo da safar hannu da 'yar leda aka ɗauka. Da aka tambayi shaidar cewa a ƙofarta ta tsinta, Dorin ce ta fito da sandarta. Ta ce shekara goma sha shida tana kallon matar nan tana shara, kuma ranar ta ga ta sunkuya ta ɗauki wani abu ta ɗaga shi sama tana dubawa.

Mako biyar Asmawu tana jira. Wata baturiya mai binciken makamai da ba ta taɓa jin sunan Latif ba ce ta ɗora kwanson a ƙarƙashin madubinta mai ƙara girman abu. Ƙarcen ya yi daidai da na wata bindiga da aka kama a Birmingham a hannun wani mutum, aka bi sawun wayarsa aka tarar yana Moss Side a wannan Talatar. Lauyan ya gaya mata cewa tambayar farko da masu gabatar da ƙara suka yi ita ce ko wani masanin makamai na kusa da iyalin ya taɓa abin. Aka ce babu. Sai a lokacin ta gane abin da Musbahu ya yi mata, kunya da godiya suka rufe ta lokaci guda. Ta kira shi tana ta yi masa godiya, shi kuma sai cewa yake, "Ba ni ba ne, Hajiya, tsintsiyarki ce."

Latif ya dawo ranar Alhamis, ya rame har wandonsa na zamewa. Washegari bayan Asmawu ta idar da salla, gari ya yi haske, ta ji ƙarar shara a waje. Ta buɗe ƙofa. Ga shi nan a tsaye ƙiƙam da tsintsiyarta, yana watsa ƙura ko'ina, masu zuwa aiki suna wucewa suna kallonsa, bai ko sunkuyar da kai ba.

Ta daɗe tana kallonsa, hawaye na bin kumatunta.

"Ba haka ake yi ba," ta ce. "Sunkuya. Ka shigar da ita ƙarƙashin motar."